Ranar da Na Buɗe Kwamfutar Baba

Tsawar da aka yi ranar Lahadi da hantsi abu ɗaya tak muka zaci ta kashe a gidanmu, shi ma ba mu gane ba sai da yamma. Ina kan keken ɗinki ina haɗa hannun wata riga na ji ƙarar, kamar an yar da babban faranti a bayan kunnena. Wuta ta ɗauke, ta dawo. Na tashi na leƙa firji, yana ta gurnaninsa. Na kunna talabijin, lafiya lau. Na ce Allah ya tsare, na koma ɗinkina.

Mu uku ne a gidan, a hawa na uku: ni, da maigidana, da mahaifinsa. Maigidana yana aikin shimfiɗa hanya can nesa, sai ƙarshen wata yake leƙo mu, saboda haka yawancin kwanaki daga ni sai Baba. Shekara arba'in da ɗoriya Baba ya yi yana gyaran agogo a wani ɗan shago da bai fi faɗin tabarma biyu ba. Har yau mutanen layinmu Mai Agogo suke ce masa, ko da yake shekara shida ke nan da ya rufe shagon, tun da hannunsa ya fara rawa.

Zamanmu lafiya lau, sai dai zama ne na gaisuwa. "An tashi lafiya, Baba?" "Lafiya lau, Amarya." Shekara uku da aurena, har yanzu Amarya yake ce mini. In kai masa abinci, ya sa albarka, in kwashe kwanuka. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ban kuma taɓa zama na minti goma a ɗakinsa ba.

Sa'a ɗaya ce a rana ake jin muryar Baba har kicin, ita ce ƙarfe huɗu zuwa biyar. A lokacin yake buga dara da amininsa Masinja. Tun suna samari suke tare. Masinja tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mai raba wasiƙu a kan keke, kuma shekara talatin yana jingine kekensa a ƙofar shagon Baba da yamma su baje dara a kan benci. Da mantuwa ta fara kama shi, 'yarsa ta ɗauke shi zuwa garin da take aiki, tafiyar yini guda a mota. Maigidana ne ya haɗa musu wasan a kwamfuta: ga allon dara a tsakiya, ga fuskar kowa a gefe. Ya samo wa Baba wani linzamin kwamfuta mai ƙaton ƙwallo a sama wanda ake juyawa da tafin hannu, don yatsunsa ba sa iya ƙananan abubuwa. Ya kuma ja waya daga akwatin intanet da ke falo, ya bi da ita gefen bango yana kafewa, har ɗakin Baba.

Ranar Lahadin nan, huɗu ta wuce da minti biyar ban ji komai ba. Can sai ga muryarsa a hankali.

"Amarya, intanet ɗin nan yana aiki a wayarki?"

Na duba, yana aiki. Na je na tsaya a bakin ƙofa. Ya riga ya juyo da akwatin kwamfutar, ya durƙusa yana kallon bayanta. Ya nuna mini ramin da wayar take shiga.

"Kullum akwai 'yar wuta kore a nan. Yau babu."

Ya zare wayar, ya kai hancinsa bakin ramin ya shinshina, ya gyaɗa kai.

"Ƙauri. Tsawar ɗazu ce ta biyo waya."

Da muka kira maigidana ya ce ko dai mu jira shi, saura kwana goma sha biyu, ko kuwa a kai wa masu gyara. Baba ya ce ba za a sauke kwamfutar nan daga hawa na uku a kai wa wanda zai buɗe ta da bakin wuƙa ba. Maigidana ya san halin mahaifinsa, bai ja ba.

Litinin na gwada dabara. Na kira 'yar Masinja ta bidiyo, na riƙe wa Baba wayata su gaisa. Bai yi ba. Masinja ya dinga leƙen gefen wayar yana tambayar ina allon, wa ya ɗauke 'ya'yan darar. Da ya rasa, ransa ya ɓaci, ya kawar da kai. Baba ya miƙo mini wayar.

Laraba da azahar 'yar Masinja ta kira ni da kanta.

"Anti, don Allah yaushe za a gyara? Tun uku da rabi yake sa hularsa ya zauna gaban kwamfuta. Bai san ranar da ake ciki ba, ni kaina wani lokaci da sunan mahaifiyata yake kirana, amma ƙarfe huɗu ba ta taɓa wuce shi. Jiya har shida yana zaune. Ya ce Mai Agogo ba ya saɓa lokaci, sai dai in wani abu ya same shi."

Na ba ta haƙuri. Na daɗe ina juya maganar kafin na kai wa Baba, don ban san yadda zai ɗauka ba. Na tarar da shi a bakin taga da wani ɗan littafi, ya maƙala madubin nan na masu agogo a ido ɗaya. Littafin da ya zo da kwamfutar ne. Baba ba ya yar da takardar kowace na'ura, har ta dutsen guga tana nan a ajiye.

Ya saurare ni har na gama. Ya cire madubin ya goge idonsa.

"Samo biro da takarda."

Na samo.

"Mutanen da suka ƙera abin nan suna da hankali. Sun bar gurbi a ciki saboda irin wannan rana. Ramin da ya ƙone a jikin babban allon yake, ba ya ciruwa. Amma akwai wani kati da ake sayarwa mai nasa ramin. A soka shi a gurbin, a mayar da waya jikinsa, shi ke nan. Rubuta."

Ya karanto mini sunan katin harafi bayan harafi, ya sa na kwafo lambar da ke manne a bayan kwamfutar. Ya karɓi takardar ya duba, yana riƙe da ita da hannu biyu tana kaɗawa kamar ganye.

"Rubutunki yana da kyau," ya ce. Wannan ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi a kaina.

Alhamis da safe na tafi layin masu kayan kwamfuta. Shago na uku na samu. Mai shagon wani dattijo ne mai tabarau a goshi, yana shan shayi a cikin tarin kwalaye. Ya karanta takardar, ya kalle ni, ya ɗauko wani ɗan abu kamar ƙwayar dabino.

"Hajiya, me zai sa ki wahalar da kanki? Ga wannan. A baya za ki soka shi, ya kamo intanet ta iska, ba buɗewa ba waya."

"Mun taɓa gwada irinsa," na ce. "Bangon gidanmu ba ya barin komai ya wuce sai maganar maƙwabta."

Ya yi dariya har ya ajiye kofin. Ya hau kan kujera ya sauko da wani ɗan kwali, ya hure ƙurar da ke kai.

"To ga abin da aka aiko ki. Akwai ɗan ƙarfe na biyu a cikin kwalin, kada ki yar, wataƙila ku buƙace shi. Wa zai sa muku?"

Sai a lokacin na lura ban tambaya ba.

"Wallahi ni ma ban sani ba," na ce.

Da na dawo na tarar Baba ya share teburin cin abinci ya shimfiɗa farin ƙyalle. Ya roƙi maigadi ya ɗauko masa kwamfutar ya kwantar da ita a kai. A gefe ga wata jakar fata a buɗe, wadda na sha gani a saman kwabarsa amma ban taɓa ganin cikinta ba. Sukudireba ne a jere, daga mai kaurin yatsa har wanda bai fi allura ba, kowanne a aljihunsa. Ga hantsaki iri uku, ga ɗan famfon roba na hura iska, ga buroshi mai laushi. Ƙotocin duk sun yi sulɓi saboda riƙo. Baba ya sa farar riga, ya naɗe hannu.

Na miƙa masa kwalin na koma bakin ƙofa, na ɗauki wani yadi ina ninkewa, yadin da ba ya buƙatar ninki.

Ya tabbatar an zare wayar wuta. Ya danna maɓallin kunnawa ya riƙe na ɗan lokaci, ya ce don sauran wutar da ta maƙale a ciki ta fita. Sannan ya zaɓi sukudireba ya nufi notin farko na murfin. Bakin sukudireban ya dinga rawa a kan notin, tak, tak, tak, ya ƙi faɗawa cikin tsagar. Ya dafe wuyan hannun da ɗaya hannun, ya sake. Ya shiga, ya zame, ya karci fenti. Ya numfasa ya sake na uku.

Sai ya ajiye. Ya ɗora hannuwansa biyu a kan ƙyallen yana kallonsu. Ni kuwa na ninke yadin nan ya kai sau biyar. A ƙasa ana jin wani yana wanke mota, ruwa na zuba a kwata.

"Amarya."

"Na'am, Baba."

"Sau nawa kike zura zare a allura a rana?"

"Ban taɓa ƙirgawa ba."

"Kina kuskurewa?"

"Ba sosai ba."

"Je ki wanke hannunki, ki goge su sarai. Ki cire awarwaro da zobe. Sannan ki jawo kujera."

Ni ko bayan rediyo ban taɓa buɗewa ba. Na ce masa ina tsoron in lalata. Ya ce abin da ya riga ya lalace ba a jin tsoronsa, kuma shi zai zama ido, ni in zama hannu.

Noti biyu ne ke riƙe da murfin. Ya nuna mini yadda ake ɗora yatsa manuni a kan ƙotar sukudireba a juya da sauran yatsu. Ya turo mini ɗan faranti.

"Duk wanda kika kwance, nan. Noti ba ya ɓata sai an raina shi."

Na ja murfin baya ya fita. Ban san me na zaci zan gani ba, amma ban zaci ƙura haka ba. Ta yi kauri a kan fanka kamar auduga. Kafin in kai hannu ya tsayar da ni, ya ce in fara taɓa ƙarfen jikin akwatin da tafin hannuna, saboda akwai 'yar wutar da jikin mutum ke tarawa, irin wadda ke sa mayafi ya yi ƙara in an cire shi, kuma ita kaɗai ta isa ta kashe abu a ciki. Na taɓa. Ya ba ni famfon roba, ya ce in dafe fankar da yatsa kada ta juya, in hura. Ƙura ta tashi, muka yi atishawa tare. Ya ce, "Alhamdu lillahi," na ce, "Alhamdu lillahi," sai muka ga abin ya ba mu dariya.

Da ƙura ta kau, abin ya fito kamar gari an hango shi daga sama, ga layuka ga gine-gine. Baba ya sa madubinsa ya sunkuya. Ya nuna mini wani ɗan baƙin tabo kusa da ramin da ya mutu.

"Ga kabarinsa nan." Ya matsar da yatsa ƙasa. "Ga kuma gurbinmu. Ba dogon ba, wannan gajeren."

Daidai gurbin, a bangon baya, akwai wani siririn ƙarfe da ya toshe tagar da katin zai leƙa waje. Na kwance notinsa na zare shi. Na fito da katin daga ledarsa, na riƙe shi ta gefe kamar yadda ya ce, ban taɓa haƙoran nan masu ruwan zinariya ba. Na kai shi gurbin, sai ya ƙi. Ƙarfen da ke goshin katin ya fi akwatin tsawo da kusan yatsa uku. Ko ta yaya na juya shi, kansa a waje yake.

"Baba, ba nata ba ne. Na sayo wanda ba shi ba."

"Kada ki tilasta shi. Ajiye mu gani."

Ya auna da ido. Kwamfutar tamu siririya ce, katin kuwa an yi masa goshi na manya. Sai maganar mai shago ta faɗo mini. Na zazzage kwalin, ga ɗan gajeren ƙarfe a naɗe cikin takarda.

"Ka ji mutumin kirki," Baba ya ce. "Riga ce ta yi masa yawa. Wannan kuma aikinki ne, tela."

Ƙananan notuna biyu ne ke riƙe da goshin, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ya zaro mini sukudireba na uku daga ƙarshe. Na kwance na farko na sa a faranti. Na biyun ya fita, ya yi tsalle daga bakin hantsaki, ya bugi gefen tebur, muka ji ɗan ƙararsa a ƙasa, shi ke nan.

Na durƙusa ina lalube. Tayil ɗin ɗakin mai ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo kamar noti. Sai na tuna da maganaɗisun da nake tsince allurai da shi. Na ruga na ɗauko. Ina shigowa Baba ya ɗaga hannu biyu kamar na shigo da maciji.

"Kada ya matso teburin nan! Shekara arba'in ban bar wannan abu ya shiga shagona ba. Shi ne babban maƙiyin agogo."

"A ƙasa zan ja shi, Baba."

"To a ƙasa. Nesa."

Na bi ƙarƙashin tebur ina jansa. Da na ɗago, ga notin a manne, tare da allurai uku da wani fil da na fi wata ina nema. Baba ya kalli abin ya girgiza kai.

"Ashe maƙiyi ma yana da ranarsa."

Ina ɗaura gajeren ƙarfen, kaina a sunkuye, na ji ya fara magana. Ba ni yake kallo ba, hannuna yake kallo.

"Agogon ƙarshe da aka kawo mini na wata mata ne, ɗan ƙarami, na mahaifiyarta. Ba abin da ya same shi sai datti. Aikin rabin sa'a. Kwana uku ina buɗe shi ina rufewa. Da ta dawo na ce mata ba a samun kayansa yanzu. Ƙarya na yi mata. Ta yi godiya ta tafi. Ranar na rufe shagon." Ya ɗago ya kalle ni. "Mijinki ya ɗauka haya ce ta yi mini tsada. Ban gyara masa zancen ba."

Na ci gaba da juya notin har ya tsaya.

"Ya isa," ya ce. "In ya tsaya, ki ƙara masa kaɗan kamar gaisuwa, kada ki yi kokawa da shi."

Wataƙila don ya buɗe nasa cikin ne ni ma na samu bakin magana. Na ce masa tun da na zo gidan nake jin nauyin ƙarar kekena, ina ganin tana damunsa, shi ya sa nake rufe ƙofa ko da ana zafi.

"Damuna? Ni da na yi rayuwata cikin agogo sittin suna bugawa lokaci ɗaya? Shirun gidan nan ne ke damuna." Ya gyara zama. "Sai dai kekenki yana ɗingishi. Bel ɗinsa ya saki. Ya fi wata biyu ina son in faɗa miki, ina jin nauyi."

"Wata biyu, Baba?"

"Ko uku."

Yanzu katin ya shiga tagarsa daidai. Na saita haƙoran a bakin gurbin na ɗan taɓa shi.

"Danna."

"Zai karye."

"Ba zai karye ba. Manyan yatsunki biyu, ɗaya a kowane gefe, ki danna kai tsaye, kada ki karkata."

Na danna. Na ce ya shiga. Baba ya rufe ido, ya kawo kunnensa kusa da akwatin.

"Bai zauna ba. Ban ji shi ba. Sake."

Na cije leɓe na ƙara ƙarfi. Sai wani ɗan sauti, ƙas, wanda da ban kasa kunne ba ba zan ji ba.

"Yawwa. Yanzu ya zauna."

Na ɗaure shi da notin da na cire ɗazu, na mayar da murfi. Farantin ya koma fayau, ba saura ko ɗaya. Baba ya duba shi sau biyu. Ban jira maigadi ba, na rungumi kwamfutar na kai ta ɗakinsa. Na mayar da wayar allo, da ta linzami, da ta wuta. Wayar intanet kuma na soka ta a sabon ramin har ta yi ƙara. Uku da minti ashirin.

Na kunna. Fanka ta tashi, ƙararta ma ta ragu. Allo ya kawo, ya ɗan yi tunani, wani ɗan rubutu ya fito a kusurwa cewa ya ga sabon abu ya kuma karɓe shi. Muka leƙa baya tare.

Babu wuta. Ba kore, ba komai.

Na fara lissafa laifuffukana: ko na danna da yawa, ko na manta ban sake taɓa ƙarfe ba bayan na dawo da maganaɗisu. Na ce bari in sake buɗewa.

"Tsaya," Baba ya ce. Ya zauna bakin gado. Ban ga alamar damuwa a fuskarsa ba, sai ma wani irin nishaɗi. "Kwamfuta ta ce ta ga katin, ko ba haka ba? To kati lafiyarsa ƙalau, aikinki ya yi. In aka kawo maka agogo ya tsaya, ba ka fara zargin abin da ka gyara yanzu. Tsawar nan ta ina ta shigo?"

"Ta waya."

"Waya kai nawa gare ta?"

Na kalle shi. Na fita na bi wayar a gefen bango, ta bayan kujera, ta saman ƙofa, har falo. A bayan akwatin intanet ramuka huɗu ne a jere, tamu tana na farko. Na zare ta, na kai hancina kamar yadda na ga ya yi. Ƙauri. Na soka ta a na biyu.

Ban kai ga miƙewa ba na ji muryar da ban taɓa ji ba a gidan nan.

"Amarya! Ta kama! Kore, har da ruwan lemo tana ƙyaftawa!"

Huɗu saura kwata na aika wa 'yar Masinja saƙo. Baba ya wanke fuska, ya canza hula, ya zauna ya ɗora tafinsa a kan ƙwallon linzami. Huɗu daidai fuskar Masinja ta fito, ya matso da ita har hancinsa ya cika gefen allon. Ya rame fiye da yadda na san shi. Ya daɗe yana kallon Baba.

"Ka makara," ya ce.

"Na makara."

"Me ya tsare ka?"

"Agogona ne ya tsaya."

Masinja ya kwashe da dariya har da tari. "Mai Agogo da agogo a tsaye! To kai wa mai gyara mana." Ya hango ni a bayan kujera. "Wace ce wannan?"

"Mai gyaran ke nan."

"Ta fi ka kyan gani. To taɓa, kai ne da fari. Kuma kada ka yi mini satar nan taka."

"Yaushe na taɓa yi maka sata?"

"Tun kana da gashi."

Na ja musu ƙofa ban rufe duka ba. Ina tattara ƙyallen tebur aka ƙwanƙwasa. Wata malamar asibiti ce da ke hawa na ɗaya, ta zo karɓar rigarta da na yi alkawarin gamawa kafin la'asar. Na manta da ita sam, ko kalmasar ƙasa ban yi ba. Na ba ta haƙuri, na ce minti ashirin. Ta ce ba komai, yau hutu take, ta zauna a falo.

Ina ɗinki ina jiyo su. "Ka ci da baya!" "Sarki ne, yana ci ta ko'ina!" "Yaushe ya zama sarki? Wa ya naɗa shi?"

Malamar ta leƙo ɗakin ɗinki, idonta a waje.

"Lafiya kuwa? Faɗa Baba yake yi?"

"A'a, dara suke bugawa."

"Dara? Mahaifina ma gwani ne." Ta kalli ƙofar ɗakin Baba. "Zai damu in na leƙa?"

Na ce ta gwada sa'arta. Na ji ta yi sallama, na ji an amsa. Ba a yi minti biyar ba sai ga muryarta: "Baba, da na gefen nan ka tura." Baba ya ce mai kallo ba ya magana. Daga can cikin kwamfuta Masinja ya ce a bar ta ta faɗa, ai ko su biyu ne ba za su iya da shi ba.

Na gama kalmasa, na goge rigar, na sa ta a leda, na kai mata har ƙofar ɗakin. Ta karɓa ba ta ko duba ɗinkin ba. Ta riga ta jawo kujerar roba ta zauna, ledar a kan cinyarta.

"Bari a gama wannan zagayen," ta ce. "Tsohon can ya yi mana tarko, Baba bai gani ba."

Sai da aka buga uku sannan ta sauka. Masinja ya ci biyu.